Goyon Ciki a Mississippi

Cikin Safara'u ya shiga wata na bakwai ranar da Inna Rumasa'u ta tare ɗanta a tsakar gida ta ce ya fara shirin mayar da yarinyar gidan iyayenta.

Dawowar Abdulganiyyu ke nan daga wurin aiki, ko takalmi bai cire ba. Ya zaci wani laifi matarsa ta yi. Inna ta ce babu laifi, haihuwar fari ce, ita kuwa haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta. Can za ta haihu, can za a yi mata wankan jego, in ta yi ƙwari ta dawo.

"Inna, gidan iyayenta fa Amirka ne."

"Na sani, Ustaz. Ni ma teku na ƙetare."

Gaskiya ta faɗa. Tana ɗauke da cikin yayarsa Maryama, Inna ta bar Makka ta shiga jirgin ruwa ta koma Wad Madani a Sudan, inda iyayenta suka yada zango a hanyarsu daga Kano. Duk unguwarsu ta Jarwal an san labarin, don ba ta gajiya da ba da shi. A ganinta wanda zai hau jirgin sama ma gata aka yi masa.

Abdulganiyyu haifaffen Makka ne. Gwamnati ce ta tura shi Ohio ya karanto aikin ruwa, can ya haɗu da Odessa tana karatun koyarwa. Ta musulunta, suka yi aure, ya zo da ita. Inna ce ta raɗa mata Safara'u. Shekara biyu a Jarwal ta koyi Hausar girki da Larabcin cefane, ba ta da yawan magana, kuma tun da aka fara zancen nan ba ta sa baki ba.

Sau ɗaya ya taɓa zuwa garin su Safara'u, wani ɗan ƙaramin gari a Mississippi, da ya je neman izinin mahaifinta. Ya ga asibitin garin. Baƙar fata ta ƙofar baya suke shiga, ɗakinsu yana ƙarƙashin ƙasa kusa da inda ake wankin zannuwa, likita kuwa sai ya gama da na sama yake saukowa, in ya sauko. Mahaifinta kafinta ne. Ya sha zuwa ofishin hukuma don a rubuta sunansa cikin masu jefa ƙuri'a, kullum sai a ba shi jarrabawa a ce ya faɗi. A bazarar nan ta 1964 an kashe samari uku a jihar saboda suna taya mutane wannan rajistar, an ƙona coci-coci. Duk ya faɗa wa Inna. Ta saurara har ya kai aya, sannan ta tambaye shi ko uwar yarinyar tana da rai. Ya ce tana da rai. Ta ce to shi ke nan.

Ya ce ba za ta je ba, ya shige ɗaki.

Washegari da la'asar ya je gahawar Kawu Mailafiya, wurin shan shahi a bakin lungu, yana fatan ƙanin Inna zai taya shi shawo kanta. Kawu na da rediyo, saboda haka shi ne masanin duniya a unguwar. Ya zuba masa shahi, ya bar shi ya yi bayani, sannan ya ce bai yarda ba. Shekara biyu da suka wuce da aka 'yanta bayi a ƙasar nan, kowa ya ji ana cewa Kennedy ne ya matsa. Ƙasar da ta hana wasu riƙe bayi, ita ce za ta kwantar da mai naƙuda a ɗakin wanki? Ban da haka, shi da kunnensa ya ji cewa Johnson ya sa hannu a doka a watan Yuli, baƙi da fari yanzu ƙofa ɗaya.

Abdulganiyyu ya ce dokar tana Washington, asibitin kuma yana Mississippi, tsakaninsu ya fi Makka zuwa Sham nisa, kuma ɗan sandan garin ba Johnson ne ya naɗa shi ba.

"To ai zaɓe za a yi," in ji Kawu. "Johnson ya kayar da ɗayan, mai sunan zinariya, komai ya daidaita."

"Kawu, surukina ba a barin sa ya yi zaɓen."

"Sai a yi masa. Mu nan wa ya taɓa barin mu?"

Masu shan shahi suka yi dariya. Abdulganiyyu ya kawo wata hujjar: duk wanda aka haifa a can ɗan ƙasarsu ne, kuma ga shi sun fara jefa bom a Vietnam, in namiji ne wata rana za su iya kiran sa soja. Kawu ya ajiye buta ya ce yaron ko cibiya ba a yanke masa ba har ubansa ya kai shi yaƙi. Wani tela da ke gefe ya tuna musu labarin da Abdulganiyyu ya taɓa bayarwa, cewa ranar da ya sa tob da gutura irin shigar Larabawa a wani gidan abinci a can an zaunar da shi an kira shi baƙo, ranar da ya koma da wando aka nuna masa waje. Kawu ya tafa hannu ya ce ai ga magani nan, a ɗinka wa yarinya abaya mai kyau ta shiga asibitin a matsayin Balarabiya. Kafin magariba zancen ya isa wurin Inna, ta aika a sayo yadi.

Ya yi kwanaki yana neman wata hanya. Uwar Safara'u Kirista ce, ba za ta shiga Makka ba, amma Jidda ba a hana ta. Sai ya kawo shawara ya kama ɗaki a Jidda, ya ɗauko surukarsa ta zo ta zauna da 'yarta har a yi arba'in. Ya ga kamar ya warware komai. Inna ta tambaye shi wa zai kama ɗakin. Ya ce shi. Ta ce ɗakin da miji ya kama ɗakin miji ne, ko a Jidda ko a bayan duniya.

"Inna, wai mene ne a cikin al'adar nan da ya fi ranta?"

Ta daɗe tana tsince shinkafa ba ta ɗago ba. Daga baya ta ce ranar aurensa babu wanda ya ga ɗan'uwan amarya ko ɗaya. Ba a kawo gara ba, ba a zo ganin ɗaki ba. An tambayi yarinyar garin kakanninta ta ce ba ta sani ba. Mata suna magana. Ita ba ta son a haifi jikanta a riƙa nuna shi da baki. In yarinya ta tafi gidan ubanta ta haihu ta dawo, kowa ya san tana da gidan uba.

Ya ce zancen mata ne, ba zai sa ran matarsa a kan zancen mata ba. Inna ta ce shi da safe yake fita ofis, su ne suke wuni da zancen.

Ranar Alhamis aka yi suna a unguwar Zahir, Inna ta tafi da Safara'u. Sun dawo tun rana ba ta faɗi ba, abin da ba a saba ba. Inna ta wuce ɗakinta ta saki labule. Safara'u ta zauna a bakin gado ba ta cire mayafi ba, ta tambaye shi da Turanci ma'anar jariya.

Ya tambayi inda ta ji.

Ta ce wata dattijuwa ce, mai haƙorin Makka, ta miƙa mata tire ta ce ta kai wa baƙi. Inna ta karɓe tiren ta ce wannan matar ɗanta ce. Sai matar ta ce ai ta ɗauka jariyar da Ustaz ya taho da ita ce, tunda an ce a can ma kakanninsu sayen su aka yi. Ba da faɗa ta faɗa ba. Har haƙuri ta bayar, ta ce ai yanzu duk an zama ɗaya.

"Baiwa," ya ce. "Ma'anarta ke nan."

"Na sani. So nake in ji ko za ka faɗa mini."

Ya miƙe zai fita, ya ce zai je Zahir ya ga mijin matar. Ta ce ya zauna. Wannan ce ta faɗa a fili, sauran sun daɗe suna faɗa da ido, tun tana zaton rashin jin harshe ne ya sa take ganin haka. Da zai kawo ta ya ce mata a garinsu babu ƙofar baya, kuma a Harami ta ga hakan, ta yi sallah kafaɗa da kafaɗa da kowace irin fata. Amma ba a Harami take kwana ba.

"Zan tafi gida, Abdul. Inna ta fi ka gaskiya."

Ya ce nan magana ce kawai, can kuwa bindiga ce. Ta ce ta fi shi sanin can. Can ta san masu ƙin ta, ta san sunayensu da na karnukansu, kuma can akwai mutumin da yake sa rigarsa ta coci ya je ya tsaya a layi a kore shi ya sake komawa. Tana son ɗanta ya fara buɗe ido a gidan wannan mutumin. Ita ma shekarunta sun kai, za ta bi shi layin.

"Da cikin wata takwas?"

"A tsaye ake yi. Na iya tsayuwa."

Ya roƙe ta, in ma tafiyar ce, ta tsaya Ohio wurin gwaggonta, inda asibiti ke karɓar kowa. Ta ce gwaggo ba uwa ba ce, in yana shakka ya tambayi Inna. Ya ce to ta sa abayar da ake ɗinkawa. Ta dube shi har sai da ya kawar da kai. Ta ce a garin da aka haife ta, inda matar da ke shara a asibitin ta san ranar haihuwarta, ba za ta je ta yi shigar baƙuwa don a ba ta gado ba. Ta ƙofar gaba za ta shiga, da sunan ubanta, tunda an ce doka ta ba ta.

"In suka hana ki fa?"

"Mama ta karɓi haihuwar rabin unguwarmu. Za ta tsaya kusa da ni."

"A bakin ƙofa."

"In nan suka bar mu."

Ba ta iya fita ƙasar sai da yardarsa, su duka sun san haka, kuma babu wanda ya ambata. Ya yi kwanaki yana fita da sassafe yana dawowa bayan isha don kada a tambaye shi. Inna ta daina kiran sa Ustaz, ta koma aiko masa da abinci ba magana. Safara'u ba ta sake roƙon sa ba. Wata safiya ya ga ta fito zubar da ruwa, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta gaishe da Inna ta tsallake ta, ita kuma ta ci gaba da abin da take yi kamar ba ta lura ba. Ya gane cewa in ya hana ta, haka za ta zauna, ba za ta ce komai ba, kuma abin da matar Zahir ta faɗa ya zama yana da ƙamshin gaskiya: mace a gidan da ba ta iya fita.

Ran nan ya je Jidda ya yanko mata tikiti.

Inna ta cika akwati da kanwa, da citta, da kanumfari, da garin gero, ta zaunar da Safara'u tana koya mata yadda za ta gaya wa uwarta zafin ruwan wanka da irin ganyen da ake tsomawa. Safara'u ta ce babu darbejiya a Mississippi. Inna ta ce kowace ƙasa da ganyenta, uwa za ta sani. Mata suka riƙa shigowa sallama, har da waɗanda ba su taɓa zama a ɗakinta ba, kowacce tana cewa Allah ya raba lafiya, a gaishe da mutanen gida.

A filin jirgi ya tambaye ta yaushe za ta dawo. Ta ce sai ta ga yadda jikinta ya yi, da yadda garin ya yi. Bai ji daɗin rabin amsar na biyu ba, amma an riga an kira fasinja. Ya ce zai biyo ta kafin watan haihuwa, ko da mako biyu ne, ya tsaya a ƙofar tare da su. Ta ce to, ta riƙe hannunsa kaɗan, ta bi layi tana tafiya a hankali saboda nauyi.

Johnson ya ci zaɓe. Kawu Mailafiya ya raba shahi kyauta, ya ce wa Abdulganiyyu ya kwantar da hankalinsa yanzu. Abdulganiyyu ya ce masa Mississippi ɗayan ta zaɓa, kusan gaba ɗayanta. Kawu ya ce ai an kayar da su, sai su yi ladabi.

Ya nemi hutu a wurin aiki. Mudir, shugaban ofishin, ya saurare shi da kyau, har ya yi masa addu'a, sannan ya ce bututun ruwan da ake ja zuwa Arfa dole a gama shi kafin alhazai su fara sauka, kuma shi kaɗai ne injiniyan da ya san aikin tun daga tushe. Don irin wannan ranar aka tura shi karatu. Bayan Hajji ya ɗauki wata guda in yana so. Abdulganiyyu ya ce bayan Hajji yaron ya kusa fara zama. Mudir ya ce ma sha Allah, lokacin ma ya fi daɗin ɗauka.

Da ya faɗa wa Inna, ba ta ga abin damuwa ba. Ta ce dama namiji me zai yi a wurin haihuwa. Ta tambaye shi ko zai fita Arfa yau, in zai fita ya biya ta Zahir ya gaya wa Maryama ta zo su fara ɗinkin kayan jariri.

Ya ce ba hanyarsa ba ce. Ya ɗauki hularsa ta aiki ya fita.