Shuɗin Kwale-kwalen Kyaftin

"Ja hannunka baya, Tela! Ba maganin sauro kake fesawa ba!"

Tela ya ja, amma ina, shuɗin fentin ya riga ya taru wuri guda, ya fara gangarowa a jikin kwale-kwalen kamar majina. Tsohon da ke zaune a bakin taga, wanda duk layin ke kira Kyaftin, ya yi tari har sai da ya dafe ƙirji, sannan ya ce, "Bar shi ya bushe. Gobe ka goge ka sake."

Kwale-kwalen na alminiyom ne, da shi Kyaftin ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙetarar da mutane kogi. Da ciwon ƙirji ya kayar da shi, sai aka kife jirgin a kan tsofaffin tayoyi a tsakar gida, fentin duk ya ɓare. Masu fentin mota suka yanka masa kuɗin da ya ba shi dariya, don haka ya aiki 'yarsa Auta ta sayo gwangwanayen feshi masu araha da samfefa. Sai ga shi yatsansa ya kasa danna kan gwangwanin. Tela, maƙwabcinsa na jikin katanga, wanda bai taɓa fentin ko kujera ba, shi ya rufe shago ya karɓi aikin.

"Ni dai in gan shi da shuɗinsa kafin in tafi," in ji Kyaftin. "Ba zan bar shi kamar tsohon kwano ba."

Aiki ne mai cin rai. Alminiyom ba ya riƙe fenti da daɗin rai: sai an kankare shi, an wanke da ruwan khal mai tsamin nan, an shimfiɗa fentin ƙasa mai ruwan toka, sannan a bi da shuɗi sama-sama, a jira, a sake bi. Auta ta rufe taga saboda wari, tsohon ya buɗe. Tela ya sha faɗa har ya gode Allah, ya rantse a ransa ba zai ƙara zuwa ba, washegari kuma da shi aka buɗe ƙofa.

Ranar da ya shigo bai ji an yi masa tsawa ba, sai ya leƙa ta taga. An matso da gadon jikin taga, Kyaftin yana kwance, idanu kawai ke motsi. Tela ya dubi jirgin, ya ga ba zai gama ɓari biyu a kan lokaci ba. Sai ya bar tsarin da aka koya masa na zagayawa, ya zuba duk ƙarfinsa a ɓarin da ke kallon taga. Ya fesa, ya jira, ya fesa, har ɓarin ya ɗauki sheƙi. Sannan ya zagaya baya, inda komai ke nan toka-toka.

Yana tsakiyar ɓarin bayan Auta ta fito tana hawaye. Ya gane tsohon ya cika.

"Ya gani?"

"Ya gani, Yaya. Ya ce an gama ke nan. Ya ce in ce maka hannunka ya faɗa."

Kunya da baƙin ciki suka haɗar wa Tela. Tsohon ya tafi da cewa an gama, alhali rabi ne.

"Ajiye, ka huta," in ji ta.

"Ƙanwata, ba zan bari maganarsa ta zama ƙarya ba."

Ya share ido da gefen hannu, ya girgiza gwangwanin, ya ci gaba daga inda ya tsaya, a hankali, har ƙarshen jirgin.

Da maƙwabta suka fara shigowa don jana'iza, tsakar gidan ta yi musu kaɗan. Kowa sai ya tattare rigarsa, ya bi ta gefe a karkace, don kada ya taɓa ɗanyen fentin.