Zaman Shiru a Tafkin Zugo

Ana tsakiyar su, wato kamun kifin gayya, a ƙaramin tafkin bayan gari kada ya cafke Inuwa. Ihu ɗaya ya yi, gorar da yake kwance a kanta ta kife, ruwa ya koma ja. Kafin masunta su yi kansa da sanduna, hannunsa na dama ya tafi tun daga gwiwa.

Yayansa Bunu, Sarkin Ruwan garin, yana tsaye a kan gaɓa cikin riga mai aska, ga layu har ƙirji, makaɗinsa Auta na zuba masa kirari. Da aka fito da Inuwa ana ɗaure dungulmin da igiyar homar kamun kifi, abin da ya fara faɗo wa Bunu a rai ba ƙanensa ba ne. Tambaya ce guda: yanzu me za a ce da ni?

Dalili kuwa, a garin nan ba mai tsoma ƙafa a tafki ranar su sai Sarkin Ruwa ya kafa zagonsa, mashin nan na gado, a bakin ruwa ya ce, "Ruwa lafiya." Shi ya kafa, shi ya faɗa. Ga idanu sun fara juyowa kansa.

"Wa ya aike shi bayan kututturen giginya?" Bunu ya daka tsawa. "Da bakina na ce kar kowa ya wuce can. Haɗama ce ta kai shi!"

"Wallahi na ji da kunnena," in ji Auta, wanda bai taɓa rasa jin abin da ke kawo masa kuɗi ba.

Shi ke nan magana ta zauna. Aka ɗauki Inuwa a kan asabari, wasu na tausayi, wasu na cewa wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Da la'asar Bulama Fannami, mai garin, ya sa aka kira Bunu zaure.

"Saura kwana takwas a buɗe Tafkin Zugo," ya ce. "Na aika Kirikasamma, na aika Birniwa, na aika birnin Haɗeja. Ga fataken Barno sun sauke jakunansu suna jiran banda za su kai Kukawa. Ka tabbata da ruwan nan?"

"Ranka ya daɗe, ruwa ya san ni kamar yadda ya san ubana."

"To, ya dai san ka. In aka sake irin ta yau, zagon nan zai canja hannu."

Bunu ya fito yana murmushi saboda masu zaman ƙofar gida kawai. Zugo ba ƙaramin tafki ba ne, ambaliyar bana kuma ta yi yawa, Allah kaɗai ya san abin da kogi ya zuba a ciki kafin ya janye. Shekara uku yana riƙe da sarautar, kowa na cewa ya gaji asirin ubansa. Shi kaɗai ya san bai gaji komai ba sai zago da layu.

Ya zarce gidan Iya Fanna, ƙanwar mahaifinsa, inda aka kwantar da Inuwa. Ya iske ta a bakin murhun banda tana juya tarwaɗa, hayaƙi na cin idonta. Bai tambayi mai jinya ba.

"Iya, baba bai bar miki wani abu ba? Ƙulli, ko rubutu, ko wata kalma da yake faɗa wa ruwa?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Sannu da zuwa, ango. Ƙanenka yana nan, bai mutu ba, tunda ka tambaya."

"Iya, maganar sarauta nake."

"Na sani. Tun kana rarrafe ba ka taɓa yin wata magana ba sai taka." Ta jefa kara a wuta. "Asirin ubanka a mazaunansa yake, ɗan nan. Zama yake yi. Kwana bakwai kafin su, daga sallame asuba zai tafi bakin tafki shi kaɗai, ba riga, ba ganga, ba magana, sai rana ta hau kan giginya. Kai ka mai da abin hawan biki, ka je ranar ƙarshe da makaɗi ka watsa gero a ruwa ka dawo."

"Zama kawai? In zauna in yi me?"

"Ka bi numfashinka kamar yadda ake bin igiyar ƙugiya. In tunani ya zo, ka bar shi ya wuce kamar kainuwa, kar ka miƙa hannu. Ruwa ba ya ɓoye komai, hayaniyar mutum ce ke rufe shi." Ta rage murya. "Kuma ina bakin tafki yau da ƙwaryata. Kunnena bai mutu ba. Ban ji an sa iyaka ba."

Bunu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Ba zan faɗa ba," ta ce. "Ba ni na ɗaura ƙaryar ba, ba ni zan kwance ta ba. Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini iska."

Washegari ya tafi, ba don ya yarda ba, sai don ba shi da wata dabara. Ya zauna a kan tudun yashi da ɗan bante. Sauro suka yi masa maraba. Ya ja numfashi uku, na huɗu ya tsinci kansa yana tsara yadda Auta zai waƙe wannan zaman: Bunu ɗan Hamman, mai hira da ruwa! Har ya gyara zama don ya yi kyau ga mai kallo, sai ya tuna ba kowa. Haushi ya kama shi.

Rana ta biyu ta fi muni. Duk wanda ya taɓa raina shi ya zo ya zauna a cikin kansa, yana ta ba su amsa ɗaya bayan ɗaya, amsoshi masu zafi, har rana ta hau giginya bai ga ko kifi ɗaya ya yi tsalle ba. Rana ta uku ya kusa tashi. Abin da ya zaunar da shi tsoron bakin Iya Fanna ne kawai.

A rana ta huɗu gangar da ke cikin kansa ta gaji. Numfashi ya shiga, ya fita. Tunanin riga ya zo, ya bar shi ya wuce. Tunanin Bulama ya zo, shi ma ya wuce. Sai tafkin ya buɗe a gabansa kamar yau ya fara ganinsa. Kirinjijiya, agwagin ruwan nan, sun baje ko'ina suna kiwo, amma akwai wani lungu ta gabas, inda ciyawar burugu ta yi duhu, ko ɗaya ba ta sauka can. Zalɓe ma nesa yake tsayawa. Shekara uku yana zuwa nan, bai taɓa sanin tsuntsu na da inda yake ƙi ba.

Rana ta biyar ya matsa kusa. Ga sawun jan wutsiya a kan laka, faɗinsa ya kai turmi. Ya yi shiru har ƙuda ya sauka a leɓensa bai kore shi ba, sai ya ji wani ɗan kuka siriri daga cikin burugun, ba ɗaya ba, ba biyu ba. 'Ya'yan kada. Can ganyen bado ya ɗaga, idanu biyu suka fito, suka tsaya a kansa. Uwa ce mai jego.

Bai gudu ba. Yana zaune yana kallonta, sai wani abin da ya ture tun ranar ya taso masa: lokacin da yake faɗin maganar kututture, Inuwa bai suma ba. Idonsa biyu a kan asabari, yana kallon bakin yayansa. Bai ce ƙarya ne ba. Bunu ya nemi inda zai jefa wannan tunanin, babu. Bai wuce kamar kainuwa ba, ya tsaya cak. Ya yi kuka a wurin, kukan da ba mai gani, irin wanda bai taɓa yi ba.

Ya sami Bulama a ranar ya ce a ɗaga su zuwa wata biyu, ko a tara mafarauta tukuna.

"Baƙi suna hanya kake cewa a ɗaga?" Bulama ya ce. "In ce musu me? Ka sa iyaka mana, kamar yadda ka sa wancan karon. Wanda ya wuce, jininsa a kansa."

Ga ƙofa a buɗe. Yana iya kafa zago, ya ambaci lungun gabas a hankali cikin ƙarar ganga, in tsautsayi ya faɗa wa wani, sarauta na nan, suna na nan. Amma ya san mutum dubu a ruwa ba su san iyaka ba, mai jego kuma ba ta san ta ba. Ya kwana biyu yana zama da wannan a bakin tafki.

Ranar su gaɓa ta cika maƙil, gora da homa iya ganinka. Mata sun haɗa murahu, fatake sun jera mangaloli. Bunu ya iso da tsohuwar taguwa, ba laya ko ɗaya. Auta ya saki baki.

"Sarki, ina rigar? Ko ɓarayi sun shiga?"

"Ajiye gangar, Auta."

Ya tsaya gaban Bulama da zago a hannu. Ya ja numfashi, ya bi shi har ƙarshe.

"Jama'a, ruwa ba lafiya. Akwai kada mai 'ya'ya a lungun gabas. Ba zan kafa zago ba."

Gunaguni ya tashi kamar na ƙudan zuma. Ya ɗaga hannu.

"Da saura. Ranar da aka cinye hannun Inuwa ban sa wata iyaka ba. Ban duba tafkin ba ma. Shekara uku ban duba ko ɗaya ba, sa'a ce ke rufa mini asiri. Ƙarya na yi wa ƙanena don kar a zage ni."

Da ya zaci za a yi tsit a jinjina masa, to bai san mutane ba. Wani daga Birniwa ya ce, "Kwana biyu muna tafiya don mu ji wa'azi?" Wata mata ta tofar da yawu. Bulama ya miƙe, fuskarsa kamar hadari, ya fizge zagon.

"Mutumin da ya yi mana ƙarya ranar nan, yau za mu yarda da kadansa? Shu'ibu, zo nan."

Shu'ibu, ɗan baffan Bunu, ya karɓa, ya caka a laka, ya ce ruwa lafiya. Kafin bakinsa ya rufe Auta ya rataya ganga.

"Shu'ibu giwan ruwa! Dama kai muke jira! Rigar aro ta koma gun mai ita!"

Mutane suka afka ruwa kamar fari. Bunu ya zari gorar tuƙin jirgi ya zagaya gabas, ya shiga har ƙugu a bakin lungun, ya tsaya. Duk wanda ya nufo wurin ya ce masa, "Koma, malam." Wasu suka koma, wasu suka zage shi tukuna sannan suka koma. Ko ƙarar jama'a ce ta sa uwar ta shige raminta, ko tsayuwarsa ce ta hana a taka ta, ba wanda zai taɓa sani. Har rana ta yi sanyi ba a ga ko wutsiyarta ba.

Kifi kuwa an kama wanda aka daɗe ba a ga irinsa ba. Aka ɗauki Shu'ibu a kafaɗa zuwa gari. Masu wucewa da kaya suna yi wa Bunu kukan 'ya'yan kada da baki suna shewa.

Da jiƙaƙƙen wando ya shiga gidan Iya Fanna. Ta dube shi, ta nuna masa ɗaki da haɓa, ta ci gaba da fasa kifi. Inuwa na jingine da bango, ya rame, dungulmin a naɗe da tsumma.

"An faɗa mini," ya ce tun kafin Bunu ya zauna.

"Ka yafe mini, Inuwa."

"Yaya, kwana takwas matata ba ta iya zuwa rijiya, ana ce mata matar mai haɗama. Kwana takwas kana wucewa ta ƙofar nan." Ya ɗaga dungulmin kaɗan, ya cije leɓe. "Yau ka faɗi gaskiya, madalla. Sa mini ita a nan in ga ko za ta riƙe homa."

Amsoshi suka taso wa Bunu har maƙogwaro: sarautar da ya zubar, zagin da ya sha, tsayuwar yini a bakin ramin kada. Ya ji su sarai. Ya bar su suka wuce.

"Ba za ta riƙe ba," ya ce.

A waje ana jin gangar Auta tana zagaya gari.

"Yafiya ba ni da ita yanzu," in ji Inuwa, yana kallon rufi. "Wataƙila ta zo, wataƙila kar ta zo. Amma albasata ta fadama ta kwana takwas ba ruwa, jigon ban ruwa kuma ba ya jawuwa da hannu ɗaya."

"Wane kwamin albasar za a fara?"

"Na ƙasa, shi ya fi bushewa. Kuma kar ka cika guga, igiyar ta tsufa."

Bunu ya miƙe, ya sunkuya ya fita. Ya bi ta bayan gari inda ba zai haɗu da masu biki ba, ya gangara fadama tun da sauran rana.