Maganaɗisu a Ƙarƙashin Yadi

Ƙarfe huɗu za a buɗe jarrabawar ɗaukar ma'aikatan jinya ta intanet, wadda Auta ta shekara biyu tana jira. Ƙarfe biyu da rabi kwamfutarta ta ce ba ta san zancen ba. Fuskar kwamfutar na haske tar, amma duk harafin da aka danna shiru, ɗan filin da ake goga yatsa a kai ma ya mutu murus.

Mamanta tela ce, kuma a shagonta da ke ƙofar gida aka shirya zaman, don nan sabis ya fi ƙarfi. Mama ta share teburin yanka, ta shimfiɗa sabon yadi a kai don ƙawa. Yanzu ga ta tsaye da almakashi a hannu.

Baban Auta, wanda bai taɓa danna kwamfuta ba tun da aka haife shi, ya yanke hukuncin cewa zafi ne, ya hau yi mata fifita. Auta ta kashe ta kunna har sau uku, sannan ta sunkuce ta sai wurin mai gyara a bakin titi. A can kuwa ta yi aiki lafiya lau, har mutumin yana yi mata kallon mai neman magana. Tana dawowa ta ɗora ta a tebur, ta sake sandarewa. Nan Auta ta fashe da kuka.

Mama ta hau lissafi. Shekara talatin tana fama da keken ɗinki, kuma duk ranar da ya yi gardama, tambayarta ɗaya ce: me ya canza? Ta ce a miƙo mata. Auta ta ce cikin shessheƙa wannan fa ba keke ba ne, ta bari kawai. Maganar ta yi wa Mama zafi, amma ta haɗiye.

Ta ɗora kwamfutar a kan kujera, ta danna harafi da yatsa ɗaya. Ya fito. Ta mayar tebur, shiru. Ta tura ta can ƙarshen tebur, ya sake fitowa. Sai ta yaye yadin nan. Ga faifan maganaɗisun tsohuwar rediyo da take tsince allurai da shi, kwance abinsa, duk ya yi gashi da fil.

Da aka buga wa mai gyara, ya ce ai kwamfutar irin mai naɗewa baya ce, in ta ji maganaɗisu sai ta ɗauka an naɗe ta, ta kulle madannai. Baban Auta ya ce dama ya yi zargin haka.

Da aka fara jarrabawa, awa biyu cur Mama ba ta taka keke ba. Ta sallami masu karɓar ɗinki daga bakin ƙofa, ta zauna tana sauraron ƙarar haruffa da daɗi fal ranta. Da Auta ta tura amsoshinta, sakamako ya fito nan take, ta juyo wa Mama da fuskar kwamfutar.

"Kin san ba na jin Turanci," in ji Mama. "Karanta min."

Auta ta karanta: ta ci, an kira ta ganawa ranar Litinin.

Mama ta gyara zama, ta share ido da bakin mayafi.

"Sake karantawa. A hankali."