Layin da Ya Ratsa Katanga

Baba ne ya ja wayoyin gidan nan da hannunsa, kuma bai rubuta komai a jikin akwatin wuta ba. Bireka takwas, makunnan da ke faɗuwa in kaya ya yi wa layi yawa, duk kamanninsu ɗaya. In ka tambaye shi wanne ke riƙe da wane ɗaki, sai ya nuna kansa da yatsa. To ga kan nan a kan filo, shanyewar ɓarin jiki ta tafi da maganarsa, numfashinsa kuma ya koma hannun wata na'urar iska da ke gurnani a gefen gado.

Sau uku a mako ɗaya, da hantsi, bireka na biyar ya faɗi, na'urar ta tsaya. A na ukun leɓen Baba har ya fara canja launi. Tsoro ya kama ni, na sauke shi a kan matar yayana da butar lantarkinta. Ta rantse ba ta kunna komai ba, ban yarda ba.

Ranar Asabar na ce yau sai na san soket ɗin da ke cin kwano ɗaya da ɗakin Baba. Na mayar da Baba kan ƙaramar tukunyar iska, wadda ba ta wuce awa biyu, na sauke na biyar ɗin, na shiga bin ɗakuna da rediyo ina jonawa. Falo ya yi magana. Kicin ya yi, ga butar ma tana tafasa lafiya ƙalau. Ɗakin Baba kaɗai ya yi shiru. Me ke kayar da shi ke nan?

Ina tsaye da rediyo aka yi sallama. Mai gugan da shagonsa ke manne da katangarmu ne, tsoho sa'an Baba.

"'Yata, wutarku ta ɗauke ne? Dutsena ya huce."

"Ina ruwan dutsenka da wutarmu, Kawu?"

Ya dube ni. "Bai taɓa gaya muku ba? Shekarar da shagona ya ƙone ya huda katanga ya ja mini layi daga ɗakinsa. Ya ce in ci abinci, kada in yi zancen."

Na kai shi ciki don ya gani. Ya dubi na'urar, ya bi wayarta da ido har soket, ya daɗe a tsaye. Kafin in ce ai za mu iya ja mata waya daga falo, har ya fita.

Ya dawo da guntun waya a naɗe, bakinta sabon yanka. Ya ajiye a kan bargon Baba.

"Ga amanarka, abokina. Gobe zan nemo dutsen gawayi."

Baba ya miƙa hannunsa mai lafiya yana tura wayar, yana turawa, wai ya mayar. Na je na ɗaga na biyar, na'urar ta tashi. Da na dawo bai daina turawa ba.