Lemun Tsamin Gwaggo Delu

A shekarar 1957, da agana ta ɓulla a barikokin kuza, aka ce duk mai aiki a asibiti ya miƙa damtse a yi masa lamba, daga malaman jinya har masu shara. Tabawa tana cikin masu wankin zannuwan marasa lafiya, ga goyon ɗanta Haladu ɗan wata bakwai, mijinta kuwa yana can Bukur wajen haƙar kuza. Ta bi layi, Dantong mai lamba ya karce mata damtse ya ɗiga magani, ya ce ta bari ya bushe.

Bai bushe ba. Tana isa gida a Gangare, Gwaggo Delu, ƙanwar ubanta da ta raine ta, ta kama hannun ta duba kamar mai sayen doya. Ta ce maganin nan bin jini yake ya ɓata nono, ita da idonta ta ga goyon da ya lalace a kansa. Gwaggo dai ba ta taɓa rasa abin da ta gani da idonta ba. Ta tsinko lemun tsami daga bishiyar tsakar gida, ta matse a kan karcen, ta goge da toka. Tabawa ba ta hana ba, don ita ma tsoron take ji, kuma hannu in ya kumbura ba ya matse zani.

Saura dubawa, tunda bayan mako guda sai kowa ya nuna inda lamba ta kama. Nan ma Gwaggo ba ta rasa dabara ba. Ta sa kan ƙusa a garwashi ta ɗora mata a damtse, wurin ya tashi ya yi ruwa, ya yi ɓawo. Sista Fadeke, shugabar ma'aikata mata, ta duba ta yaba, har ta ce duk layin ba wadda tata ta kama kamar ta Tabawa.

Yabon nan shi ya ci ta. Da aka kafa bukkokin masu agana a cikin duwatsu can gaba da Titin Bauchi, aka kewaye su da igiya, sai aka zaɓi waɗanda lambarsu ta fi kamawa su shiga su yi aiki. Sunan Tabawa aka fara kira. Ta buɗe baki za ta yi magana, ta tuna wani mai gadi da aka kora kan ƙaryar da ba ta kai wannan ba, ta mayar da bakinta ta rufe.

Kwana goma sha ɗaya tana ɗaye zannuwa daga jikin mutanen da fatarsu ta manne da su. Kullum da la'asar ta yi wanka da sabulun asibiti, ta sake kaya, ta koma gida ta ba Haladu nono. Ta roƙi Allah har ta rasa kalmar roƙo. Ran na goma sha biyu, tana tsakiyar wanki, zazzaɓi ya rufe ta, bayanta kamar an sara da gatari. Ta san wannan ciwon baya, ta sha jin masu shi suna nishi.

Ta ja jiki zuwa bakin igiya ta sa aka kira Dantong, ta faɗa masa komai, har ƙusar. Bai zage ta ba, da ma ya zage ta da ta fi jin sauƙi. Ya ce nata ya wuce lamba, sai jinya da addu'a, amma yaron in an yi masa yau akwai rabo. Aka aika gida. Gwaggo ta zo da Haladu a baya tana haki, aka tsayar da ita nesa da igiya. Dantong ya karce ɗan damtsen, yaron ya tsala kuka yana miƙo hannu wajen uwarsa, nono ya jiƙe mata riga.

A nan idon Tabawa ya faɗa kan ƙullin da ke bakin zanin Gwaggo, ɗan dunƙule kamar ƙwai.

"Gwaggo, don girman Allah, ki jefo mini abin da ke ƙullin nan."

"Wane abu, 'yar nan? Zazzaɓi ne ke sa ki surutu."

"Kin ga inda naki maganin ya kai ni. Ban riƙe ki ba, na yafe. Shi dai ki bar masa nasa ya bushe."

Gwaggo ta ce ai da ma wannan ciwo a bukkokin nan aka sa wa Tabawa shi, ba ruwan lemo. Amma ta kwance ƙullin ta jefo, lemon ya gangaro ya tsaya a gaban Tabawa. Ta gyara goyo, ta ce Allah ya ba da lafiya, ta kama hanyar gari. Dantong ma ya ɗauki akwatinsa, mota na jiransa zuwa bariki.

Tabawa ta durƙusa a cikin igiya, lemon a hannunta, tana bin ƙeyar Haladu da kallo har duwatsu suka tare ta. Bishiyar lemon da ke tsakar gidansu bana ta yi 'ya'ya sosai, har rassan sai da aka tokare su da itace.