Gashin da ke Cikin Littafin Kaka Keturah

Orpha Stroud ta yi shekara arba'in tana kallon Lavina, 'yar ƙanen babanta, a kan keken shanu, kuma ko sau ɗaya abin bai daina ci mata rai ba. Duk shekara ranar bikin jikokin mutanen farko da suka yi ƙaura suka kafa garin, Lavina ce ke hawa gaba, jan gashinta na sheƙi, ta rungume Littafi Mai Tsarki na Kaka Keturah ɗaure da igiya, tana ɗaga wa mutane hannu kamar ita ta koro shanun daga Missouri. Orpha kuwa tana ƙasa wajen raba shayi. Ita ce babba, amma da Kaka za ta rasu, ƙaramar ta miƙa wa littafin. Bana 1952, shekara ɗari cif da isowar kakanninsu Oregon, Orpha ta rantse ita za ta riƙe shi.

Ba da baki kawai ta rantse ba. Shekara shida tana bin sawun gidan: Ephraim Stroud da ya bar Virginia ya sari daji a Kentucky, ɗansa Asa da ƙasar ta yi masa kaɗan ya ƙara gaba zuwa Missouri, sannan Asa da matarsa Keturah da suka ɗaura wa shanu kaya suka nufi faɗuwar rana. Ta kankare gansakuka a kan duwatsun kaburbura har farcenta ya ƙare. A ƙarshe ta samo rubutun wata mata da suka yi ayari ɗaya. Matar ta ce a bakin kogin Platte kwalara ta kashe wasu mata da miji, Keturah ta ɗauki jaririnsu mai jan gashi ta haɗa da nata tana shayarwa.

'Ya'yan Keturah biyu ne, Silas baban Orpha da Lemuel baban Lavina. Jan gashi kuwa ai ba sai an tambaya ba, ga shi a kan Lavina. Orpha ta yi dariya ita kaɗai a ɗakin karatu har aka juyo ana kallonta.

Ana gobe biki ta sami Lavina a kicin tana feraye tuffa.

“Yaya, sannu da zuwa. Kin gama haƙo matattun naki?”

“Na gama. Kuma na haƙo wanda ba za ki so ba.” Ta shimfiɗa takardar a kan tebur, ta karanta mata da ƙarfi. “Kin ji? Babanki ɗan tsintuwa ne. Ki ba ni littafin cikin mutunci, ko gobe in karanta wannan gaban kowa.”

Lavina ta ajiye wuƙar. “Yaya, don Allah ki bar zancen nan. Ɗauki tuffa ki ci.”

“Ba yunwa ce ta kawo ni ba. Shekara arba'in kin ƙi kwance igiyar nan, yau na san dalili.”

“Kin manta uwata? Jan kanta har daga bakin rafi ake hango shi.”

“Kame-kame dai. Kwance!”

Lavina ta goge hannu ta ɗauko littafin. Igiyar ta ƙi kwantuwa sai da ta sa haƙori. A shafin farko, inda ake rubuta haihuwa da mutuwa, Kaka ta ɗinke 'yar sumar kowane yaro kusa da sunansa, yadda matan lokacin ke yi. Ta Lemuel baƙa ce. Ta Silas ja ce har yanzu, shekara ɗari ba ta kashe launinta ba. A ƙasa da rubutun Kaka: “Silas, wanda Allah ya ba ni a bakin Platte.”

Orpha tana shekara biyu itace ya faɗo wa babanta ya kashe shi. Hotonsa ɗaya take da shi, hoton wancan zamanin kuwa ba ya nuna launi. Ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

“Kaka ta ce in riƙe, kada in bari ki gani,” in ji Lavina. “Ta ce ke kin fi kowa son sunan gidan nan, ba za ki iya ɗauka ba.” Ta turo littafin. “Ungo. Gobe ki hau keken, ni gwiwata ma ciwo take. Ba wanda zai ji daga bakina.”

Abin da Orpha ta yi shekara arba'in tana nema ke nan, ga shi a gabanta tsakanin ɓawon tuffa. Ta so ta ji kunya ko godiya, amma abin da ya taso mata tsohon kishin nan ne, ya ma fi na da zafi. Ta rufe littafin, ta mayar da igiyar, ta ƙulla da ƙarfi, ta tura mata shi.

“Wato har rufin asirina ma,” ta ce, “ke Kaka ta ba.”