Wutar Walda a Bishiyar Lemo

"Sauko, Tartsatsi! Na ce ka sauko mu yi magana!"

Mai walda bai ko waiwaya ba. Yana tsaye a saman tsani, cikinsa jingine da katangar da ta raba gidansa da na tsohon da ke kiransa, bakin wutar gas na huci a hannunsa. Ya sa rigar aiki mai kauri, ya sa safar hannu ta fata, ya ɗaure bakin wandonsa da waya, ya naɗe wuyansa da buhu, ya rufe fuska da garkuwar walda. Shirin yaƙi sosai. Abokan gabar kuwa ƙudan zuma ne. Suna cikin amya, wani gungumen icce mai rami da tsohon ya rataye da igiya a reshen bishiyar lemonsa, taku biyu daga katanga.

"Baba, sau nawa na faɗa maka?" Muryarsa ta fito daga bayan garkuwa kamar daga cikin rijiya. "Yau ko ni ko su."

"To ka bari rana ta faɗi, ɗana. Da hayaƙi ake yi, a hankali. Yanzu rabinsu suna waje kiwo. In suka dawo suka tarar da wuta a gidansu, wa zai tare su?"

"Ni zan tare su."

Ba a banza unguwa ta laƙaba masa Tartsatsi ba. Mutum ne mai hannu a sana'a, ƙofar da ya haɗa sai ta binne mai gidan, amma zuciyarsa tana gaban hankalinsa da tafiyar yini guda. Abin da ya hau da shi tsani kuma bai taka kara ya karya ba. A ƙofar shagonsa akwai rabin duro na ruwa da yake tsoma jan ƙarfe a ciki. Da zafi ya tsananta, ƙudan zuman suka gano ruwan, suka riƙa zuwa sha. Tsohon, wanda kowa ke kira Baba Mai Fure, ya ce masa ya rufe duron da katako na kwana uku kawai, shi zai ajiye musu kasko da tsakuwa a lambu su saba da can. Mai walda ya ce ba zai rufe ruwansa saboda ƙwari ba. Jiya ya kurɓi shayi ba tare da ya duba kofi ba, ɗaya ta harbe shi a leɓe. Leɓen ya kumbura ya zazzago. Masu zaman benci a ƙofar shago suka yi ta tuntsira dariya.

"Tartsatsi, yaushe ka ƙulla zumunci da raƙumi?" in ji mai aski.

"Ku bar shi," in ji mai wanki. "Ya samu wurin ajiye ƙusa."

Iyakar laifin ke nan. Leɓe ɗaya da dariyar mutum huɗu. A kan wannan magidanci mai 'ya'ya ya jawo tukunyar gas zuwa bayan gida da tsakar rana.

Ya miƙa hannu ya kanga wutar a bakin amyar.

Busasshen icce ne, cikinsa kuma kakin zuma. Nan take ya kama. Wani ƙauri mai zaƙi ya tashi, zuma ta fara tsiyaya tana tafasa, ƙudan suka yi ta fitowa da wuta a fukafukansu suna zubowa ƙasa. Sai ƙara ta canza. Daga gunji ta koma wani kuka mai kaifi, kuma daga ko'ina take zuwa: daga kan kabewa, daga gwaba, daga lambunan bayan layi. Masu kiwo sun dawo. Ya ji su suna dukan garkuwarsa kamar ana watsa masa tsakuwa. Ya yi dariya a ciki, don babu inda suka samu fata.

Gilashin garkuwar walda baƙi ne. An yi shi don mutum ya ga wuta, ba ya nuna komai sai ita. Saboda haka mai walda bai ga tsohon ya jawo mesar ban-ruwa ba. Bai gan shi ya tsaya a gindin bishiyar daga shi sai singileti da zane, yana ɗaga ruwa sama don ya ceci reshen ba. Igiya kawai ya gani ta yi ja, ta tsinke.

Amyar ta faɗo a gaban tsohon ta dare biyu.

Ihun matar tsohon ne ya sa ya ɗaga garkuwa. Abin da ya gani a ƙasa bai yi kama da mutum ba. Kan Baba Mai Fure, da wuyansa, da kafaɗunsa, duk sun rufe baƙi ƙirin, baƙin kuma yana motsi. Tsohon bai gudu ba, bai kai duka ba, shekara talatin ya san ba a yi musu haka. Ya rufe idanu da tafin hannu ya durƙusa a hankali, mesar na ta zuba a kan ƙafarsa. Sannan ya kife a kan kunyar tumatir.

Mai walda ya kashe gas ya dira cikin lambun. Ya tattake furanni, ya ture tukwanen shuka, ya sunkuci tsohon kamar buhun ƙaiƙayi, ya ruga da shi ɗaki. Matar ta banko ƙofa ta toshe ƙasanta da tsumma. Waɗanda suka biyo su ciki ta bi su da tsintsiya, suna harbinta tana kashewa. A waje akuyar gidan tana ta kuka a turke, daga baya ta yi shiru.

Ya cire safar hannu ya fara tsinke ƙarin da ƙudan suka bari a jikin tsohon da yatsu, ɗaya bayan ɗaya.

"Kada ka matsa!" Tsohuwar ta buge masa hannu. "Dafin kake ƙara tura masa! Kankarewa ake yi. Kai komai naka sai da ƙarfi?"

Ta ɗauko wuƙar yanka albasa ta riƙa bin fatar mijinta da bayanta. Ƙarin ya yi ta taruwa a bakin wuƙar kamar ƙaiƙayin gero. Akwai a fatar ido, akwai a cikin kunne, akwai a kan harshe.

"Inna, wallahi ban gan shi ba."

"Je ka nemo mota."

Kwana uku Baba Mai Fure ya yi a asibiti. Fuskarsa ta kumbura har idanu suka ɓace, hanci ya baje. Fitsarin da ke sauka cikin leda a gefen gado ya koma kamar baƙin shayi, rana ta biyu ya ɗauke gaba ɗaya. Likita ya ce dafin ya yi yawa, ƙoda ta gaza. Da ya tambayi yadda aka yi, tsohuwar ta ce amya ce ta faɗo. Ba ta ƙara ko kalma ba, ba ta kuma dubi inda mai walda yake tsaye ba.

Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Da ta kira 'yan sanda, da ya miƙa hannu da kansa. Abu ɗaya yake nema yanzu a duniya: tsohon ya buɗe baki ya ce ya yafe. Ya rufe shago. Ya tare a barandar asibiti tun safe har a kori masu dubiya. Ya kawo ruwan zafi, ya kawo bargo, ya kawo 'ya'yan itace da babu mai iya ci. Matarsa ta ce masa, "Maigida, ba kaya ake so ba. Ka shiga ka durƙusa." Ya shiga sau biyar, sau biyar yana fitowa bai ce komai ba, don tsohon ba ya cikin hayyacinsa.

Masu benci kuwa da suka zuga shi da dariya, su ne suka fara zuwa dubiya da fararen riguna. Mai aski ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙaddara ce, Tartsatsi, kada ka sa a ranka." Mai wanki ya ce dama ajiye zuma a cikin gari ganganci ne. Babu wanda ya tuna da raƙumi.

Rana ta uku da hantsi kumburin harshen ya ɗan sauka. Tsohuwar ta leƙo baranda.

"Yana kiran ka."

Mai walda ya shiga ya zube a gaban gado, gwiwoyinsa suka bugi siminti. Ya kama hannun tsohon, hannun ya yi taushi da zafi kamar burodin da aka fito da shi yanzu.

"Baba, ni ne. Na cuce ka. Shekara goma sha biyu muna katanga ɗaya, ban taɓa jin mugun abu daga bakinka ba. Lemonka 'ya'yana suka sha suka girma. Ka yafe mini don girman Allah."

Leɓen tsohon ya motsa. Sai da mai walda ya kai kunne kusa.

"Uwar... ta fita?"

"Wace uwa, Baba?"

"Uwar zuman," in ji tsohuwar daga bakin taga. "Babbar da ke yin ƙwai. Yana tambaya ko ta tsira."

Mai walda ya tuna gungumen da ya dare, da saƙar da ta narke ta zama baƙin kwalta a ƙasa. Ya dubi fuskar da babu idanu. Ya ga kamar kalma ɗaya mai daɗi za ta saya masa abin da yake nema.

"Ta fita, Baba. Da idona na gan ta. Ta tashi da sauran, sun sauka a kan gwaba."

Ana jin ƙarar keken marasa lafiya a baranda.

"Ƙarya," in ji tsohon. Numfashinsa na fita da ƙyar. "Ba ta barin ƙwai... Kai ko yanzu... ba za ka faɗi gaskiya ba."

"Baba, tsaya, na tuba, ta ƙone, duk sun ƙone! Baba!"

Tsohon ya zare hannunsa. Ƙarfin da ya rage masa ke nan, a nan ya kashe shi. Ya juya fuska wajen bango. Tsohuwar ta zo ta gyara masa matashi, ta ce wa mai walda, ba tare da ɗaga murya ba, "Tashi ka ba shi iska."

Kafin azahar ya cika.

Mai walda ne ya fi kowa haƙa a maƙabarta. Ya karɓi diga bai sake ta ba har tafinsa ya fashe, mutane suna cewa kai, wannan maƙwabci na gari ne. Ya ji su, ya ci gaba da haƙa. Kwanakin zaman makoki ya yi su a can ƙarshen tabarma, kansa a ƙasa. Duk wanda ya fito daga cikin gidan sai ya ɗaga ido ko an aiko masa da magana. Ba a aiko ba.

Da baƙi suka watse, gidan tsohon ya yi tsit. Daga tsakar gidansa mai walda yana jin tsintsiya a bayan katanga. Tun safe tsohuwar take shara, a hankali, tana tsayawa tana ci gaba. Rabin bishiyar lemon da ke leƙowa ta kan katanga ya bushe ya yi baƙi, ɗaya rabin yana ta zubar da fure.

Da la'asar aka yi sallama. Matarsa ta fita, ta dawo riƙe da kwanon sha mai murfi, irin na fita kunya, an goge shi yana ƙyalli.

"Inna ce ta kawo da kanta. Ta ce a ba ka."

Wani sanyi ya ratsa shi. Ya goge hannu a wando. Mace ba ta kawo wa wanda take riƙe da shi a zuciya abinci. Wataƙila tsohon ya yi magana bayan fitarsa. Wataƙila ya bar saƙo.

"Ta ce wani abu?"

"Ta ce naka ne."

Ya karɓa. Kwanon ba nauyi. Ya zauna a bakin rijiya ya ɗora shi a cinya ya ɗaga murfin.

Cike yake har baki da matattun ƙudan zuma. An tsince su tas, babu ƙasa, babu ganye ko ɗaya. Wasu sun ƙone sun dunƙule, wasu lafiyayyu kamar barci suke, da garin fure rawaya a ƙafafunsu.

Matarsa ta leƙa, ta kai hannu baki.

"Maigida, kwanon mutane ne. Dole a mayar, kuma ba a mayar da kwano babu komai." Ta nuna kwanon. "Me za mu zuba a ciki?"

Iska ta taso daga bayan katanga, ta ɗauki 'yan fukafukai daga saman kwanon, ta watsa su a kan rigarsa.